Waɗanda Ba Su Riƙe Bindiga Ba: Finafinan Zanen Japan da Tarihin Damargu

Jama'a masu sauraro, na Tanut da na Belbeji, na Gangara da Olelewa da Falanko da Tarka, da ku makiyaya da ke jin mu a bakin rijiya ko a mashekari.  Yau za mu ɗauko zance daga nesa, daga ƙasar Japan, amma a Damargu za mu sauke shi. Maganar ita ce: idan an tashi ba da labarin yaƙi, sunan jarumi ake kira, da ranar da aka gwabza, da wanda ya ci da wanda aka ci. Matar da ta auna tiyar hatsi ta ƙarshe, da yaron da ya goya ƙanwarsa ya bi ayarin masu gudu, da tsohon da aka bari a bukka don ba ya iya tafiya, su ba mai yi musu kirari. Alhali su ne mafi yawa, kuma a jikinsu yaƙi ke barin tabonsa mafi daɗewa. Wasu masu fasaha a Japan sun yi amfani da zane mai motsi, wanda yaranmu ke kira katun, suka mayar da waɗannan mutane tsakiyar labari. Ra'ayina shi ne aikin da suka yi ya shafe mu kai tsaye, domin Damargu tana da irin wannan tarihi, yana bakin tsofaffinmu, kuma kullum raguwa yake yi.

Bari mu fara da abin da ya faru can. A shekarar 1945, shekarar ƙarshe ta Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka sun yi ta zuba bama-baman wuta a biranen Japan, waɗanda yawancin gidajensu na katako ne da takarda. A dare ɗaya, 10 ga Maris, mutum wajen 100,000 suka halaka a Tokiyo. Ranar 6 ga Agusta aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki, ranar 15 kuma sarkin Japan ya sanar da miƙa wuya ta rediyo. Waɗannan alƙaluma suna cikin kowane littafin tarihi, amma alƙalami ba ya sa mutum ya ji yunwar yaro guda. Wannan giɓin ne mai shirya fim Isao Takahata ya cike a 1988 da fim ɗinsa Hotaru no Haka, wato kabarin maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Ya ɗauko shi daga gajeren labarin da Akiyuki Nosaka ya wallafa a 1967. Nosaka ya rasa ƙaramar ƙanwarsa saboda yunwa a 1945, shi kuma Takahata yana ɗan shekara 9 ya tsere wa ruwan bam a garin Okayama. Duka biyun sun san abin da suke faɗa.

Labarin na yara biyu ne a birnin Kobe, Seita mai shekara 14 da ƙanwarsa Setsuko mai shekara 4. Ubansu hafsan sojan ruwa ne, yana fagen fama. Uwarsu ta ƙone a harin jiragen sama, ta cika a wata makaranta da aka mayar wurin jinya. Sai suka koma hannun wata gwaggonsu a Nishinomiya. Da farko ta karɓe su hannu bibbiyu. Da abinci ya fara ƙaranci, aka sayar da tufafin marigayiya aka sayi shinkafa, sai gori ya shigo, sai rabon tuwo ya bambanta tsakanin ƴaƴan gida da marayu. Seita ya ji zuciya, ya ɗauki ƙanwarsa suka tare a wani ramin fakewa da aka yi watsi da shi a bakin tafki. Daga nan abin ya yi ta gangarowa: ƙuraje, gudawa, satar amfanin gona, dukan da manomi ya yi masa, likitan da ya duba yarinyar ya ce abinci kawai take buƙata, bai kuwa da abincin da zai ba ta. Setsuko ta rasu bayan an gama yaƙin, yayanta ya ƙona gawarta da hannunsa bisa al'adarsu, shi ma ya mutu a tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya ranar 21 ga Satumba 1945. A duk tsawon fim ɗin ba a nuna fagen daga ba, ba a nuna fuskar abokin gaba ba.

Jama'a, a nan nake so mu ɗan tsaya, don nan ne naman zancen yake. Harsashi bai taɓa yaran nan ba. Yunwa ce ta kashe su, kuma ta samu hanyar kai musu ne bayan zumunci ya tsinke. Takahata da kansa ya sha faɗa cewa bai ɗauki aikinsa a matsayin fim ɗin adawa da yaƙi kawai ba. Abin da ya dame shi shi ne yaron da ya yanke kansa daga jama'a, da jama'ar da ta bar shi ya yanke. Gwaggon nan ba muguwa ba ce tun asali. Mace ce da ke da nata bakunan ciyarwa, tsoro ya shige ta, hannunta ya ƙanƙance. Manomin da ya yi dukan shi ma gonarsa ce abincin iyalinsa. Kowa yana da hujjarsa, amma yarinya ta mutu a tsakiyar mutane. Mu da muke alfahari da riƙon maraya da ciyar da baƙo, muna bukatar mu san cewa wannan ɗabi'a ba a kan dutse aka sassaƙa ta ba. Idan rumbu ya yi ƙasa, tsoro ya yi yawa, tana iya gushewa a kowace al'umma, kuma fim ɗin ya nuna matakan gushewarta ɗaya bayan ɗaya, tun daga kallon banza a bakin murhu har zuwa rufe ƙofa. Wanda ya ga matakan yana da damar ya gane su tun suna farawa a gidansa.

Akwai wani fim ɗin da ya bi ta wata ƙofa dabam. Sunao Katabuchi ya fitar da Kono Sekai no Katasumi ni a 2016, ma'anarsa a wani lungu na wannan duniya, daga littafin zane na Fumiyo Kono. Jarumar ita ce Suzu, budurwa daga Hiroshima da aka kai aure garin Kure, inda babban sansanin jiragen ruwan yaƙi yake. Rabin fim ɗin girki ne da ɗinki da ɗibar ruwa. Ana nuna yadda rabon abinci na gwamnati ke raguwa, yadda take tsinko ganyayen bakin hanya ta haɗa miya, yadda take dafa ƴar shinkafa ta kumbura don ta cika kwanuka, yadda take farke tsohuwar riga ta ɗinka wando, yadda farashin sukari a kasuwar bayan fage ya sa ta riƙe baki. Sai rana ɗaya wani bam da ya faɗo bai tashi nan take ba ya fashe a gefen hanya, ya kashe ƴar yayar mijinta da take riƙe da ita, ya tafi da hannunta na dama, hannun da take zane da shi. Duk macen Damargu da ta taɓa jiƙa dilo kwana da kwanaki tana zubar da ruwa don ɗacin anza ya fita, ko ta ɗebo jiga, ko ta sussuke ƙarangiya a shekarar da hatsi ya ƙi, za ta gane Suzu ba sai an yi mata fassara ba. Dabarar raya gida cikin babu ilimi ce, kuma fim ɗin ya ba ta girman da ta cancanta.

To, mu dawo gida. Damargu ta daɗe tana ciyar da Azbin da hatsi, tana kan hanyar ayari daga Kano da Damagaram zuwa Agadas da Gat har Tarabulus, kuma duk ƙasar da ke kan hanya ita ce ke fara jin takun runduna. A ƙarshen 1899 ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya ratsa ta daga Agadas zuwa Damagaram. Damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya a 1914, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, Nasara kuma bai daina neman haraji da raƙuma ba. A Disamba 1916 Kawsan, ɗan ƙabilar Ikazkazan, tare da Sarkin Agadas Tegama, suka yi wa barikin Faransawa da ke Agadas ƙawanya, har zuwa 3 ga Maris 1917 da rundunar da ta taso daga Damagaram ta karya ƙawanyar. Abin da ya biyo baya mai tsanani ne: an karkashe malamai da fararen hula a Agadas, an kwashe dabbobi, an tilasta wa jama'ar Azbin barin duwatsunsu, da yawa suka gangaro kudu, wasu har Kano da Katsina. An rataye Kawsan a Murzuk a 1919, Tegama ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Marigayi Farfesa André Salifou ya rubuta littafi a kan Kawsan a 1973, Allah ya saka masa. Amma ku lura da tambayoyin da suka rage. Rundunar da ta haura arewa ta nan ta bi, to daga rumbun wa ta ci? Matan da aka koro daga Azbin da ƴaƴa a goye, a ƙofar wa suka sauka, wa ya ba su ruwa, wa ya hana? Takardun kwamandan sun ƙirga raƙuma da bindigogi. Amsar waɗancan tambayoyin tana wurin jikokin waɗanda abin ya faɗa wa.

Ba kuma sai mun koma shekara ɗari ba. A lokacin da Setsuko ke mutuwa a Nishinomiya, iyayenmu suna ƙarƙashin aikin tilas, wanda sai a Afrilu 1946 doka ta soke shi. Akwai masu rai a cikinmu da suka ga yunwar 1973 da ta 1984, suka ga ta 2005. Akwai waɗanda suka rayu cikin tawayen da aka rufe da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na 2007 zuwa 2009, lokacin da nakiyoyin da aka binne a hanya suka sa direba da fasinja tafiya da zuciya a hannu. Mutanen Tanut ba su manta da 21 ga Janairu 2008 ba, ranar da aka kawo hari cikin gari, aka rasa rayuka, aka tafi da shugaban gunduma. A 2011 yaƙin Libiya ya koro samarinmu gida hannu wofi, gidajen da ke jiran aike daga can suka wayi gari da ƙarin baki ba ƙarin hatsi. Tun 2015 kuma ƴan uwanmu na Diffa ke barin garuruwansu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa Seita da tasa Suzu.

Na san wani zai ce, Malam, katun ai wasan yara ne, ina shi ina ɗaukar magana mai nauyi haka? Wannan tunani ya samo asali ne daga irin katun ɗin da aka saba kawo mana. Zane kayan aiki ne, abin da aka ɗora masa shi yake ɗauka. Har ma yana da fifiko biyu a kan kyamara a irin wannan aiki. Na farko, yana iya nuna abin da ba a ɗauki hotonsa ba. Unguwar Nakajima ta Hiroshima bam ya shafe ta ƙurmus, amma Katabuchi ya bi tsofaffin da suka taso a cikinta yana tambaya, yana gwada musu zane suna gyara masa, har ya tsayar da shagunanta a fim. Mu ma ba mu da hoton kasuwar Jajiduna a zamanin ayari, ba mu da hoton masu gudun 1917, amma muna da masu iya kwatantawa. Fifiko na biyu shi ne sutura. Mun ga yadda a 2005 aka riƙa haska kyamara a kan ƴaƴan mutane tsirara, ƙashi da fata, ana yaɗawa duniya ba tare da an san sunan uwar ba balle a ji ta bakinta. Zane yana ba da labarin yunwa ba tare da ya tozarta ɗan kowa ba. Kuma kada mu ɗauka wannan sana'a baƙuwa ce a ƙasarmu. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka baki ɗaya; tun 1966 ya yi Bon Voyage Sim, inda ya yi amfani da kwaɗi ya faɗa wa masu mulki gaskiya.

Akwai ƙorafi na biyu, wanda ya fi na farko ƙarfi, kuma bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Japan ba a zaune take aka far mata ba. Ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta mamaye Sin, sojojinta sun yi kisan gilla a Nanjin a 1937. Mutane da yawa a waɗannan ƙasashe suna ganin finafinan da ke nuna wahalar Japanawa suna rufe wahalar da Japan ta jawo wa wasu. Suna da hujja, kuma zane kansa ya taɓa zama makamin farfaganda a can: a 1945 rundunar ruwan Japan ce ta ɗauki nauyin dogon fim ɗin zane na Momotaro don cusa wa yara son yaƙi. Sai dai mafi ingancin waɗannan ayyuka ba su kauce wa tambayar ba. Keiji Nakazawa yana ɗan shekara 6 bam ɗin Hiroshima ya kashe mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa. A cikin Hadashi no Gen, labarin zanen da ya fara a 1973 aka mayar da shi fim a 1983, uban Gen, yaron labarin, mai adawa da yaƙin ne, maƙwabta suna kiran gidansu maciya amana, kuma littafin ya fito da laifin shugabannin Japan da na sojojinta ƙarara, har a ƙarshen 2012 hukumar ilimi ta garin Matsue ta taƙaita karanta shi a makarantu, a 2013 jama'a suka yi ca, aka janye matakin. Ita ma Suzu, ranar miƙa wuya, ta hango tutar Koriya an ɗaga a unguwa, ta fahimci cewa shinkafar da ta rayu a kanta daga ƙasashen da aka danne ake kawo ta. Darasin da ke nan gare mu shi ne tausayin kai kaɗai ba ya isa. Yarinya mai shekara 4 ba ta da laifin Nanjin, kuma faɗin wahalarta ba ya wanke wanda ya yi Nanjin. Dole labari ya ɗauki duka biyun.

Wannan ya kawo mu ga abin da na san yana ran dattawa: kada a tono abin da aka binne. Damargu gida ce ta Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani da Larabawa, an yi auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, kuma a tarihinmu akwai hari da bauta da ramuwa. Mai wannan fargaba ba ya rasa gaskiya. Amma mu duba wane irin labari ne ke hura wuta. Labarin jarumta shi ne ke raba mutane gida biyu, domin jarumin wani shi ne maharin wani. Labarin uwar da ta rasa nono, ko na yaron da ya kwana a kan bishiya don tsoro, kowace ƙabila tana da irinsa, kuma idan Ba'abzina ta ji na Badagira za ta tarar da kakarta a ciki. Shiru kuma ba ya goge komai. Abin da manya suka ƙi faɗa a fili, yara suna jin guntunsa a ɓoye, sau da yawa daga bakin mai son ya yi amfani da su. Saurayin da bai taɓa jin yadda yaƙi ke cin gida ba, wanda abin da ya sani kawai bidiyon masu ɗauke da bindiga ne a salula, shi ne mai sauƙin ruɗi.

Game da hukuncin zana mai rai, wannan fage ne na malamai, kuma an san sun yi saɓani a kai, musamman idan don koyarwa ne. Masu sauƙaƙawa sukan kafa hujja da ƴan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zane ba, aikin bai wuce shi ba, domin tushensa murya ce, kuma wasan kwaikwayo na rediyo yana iya ɗaukar labarin. Iyaye kuma su sani, waɗannan finafinai na Japan ba na ƙananan yara ba ne, musamman na Gen, wanda ya nuna ƙunar bam ba tare da sakayawa ba. A kalla tare da matasa, a tattauna bayan an gama.

Saura batun kuɗi. Gaskiya ne dogon fim ɗin zane yana cin dukiya da shekaru. Amma shi kansa Katabuchi ya rasa masu zuba jari da farko, sai a 2015 mutane fiye da 3,000 suka yi karo-karo aka fara aikin. Kuma kafin ya zana komai, tambaya ya yi ta yi. Wannan matakin na farko ba ya bukatar komai sai salula mai ɗaukar murya da ladabin zama gaban tsoho. Muna da Jami'ar André Salifou a Damagaram, muna da cibiyar CELHTO a Yamai da aka kafa don adana tarihin baka, muna da gidajen rediyon karkara da malaman makaranta a kowace ƙaramar hukuma. Su ne za su iya tattarawa da adanawa, masu zane kuma su zo daga baya su tarar da abin aiki.

Don haka kirana gare ku matasa, maza da mata: a wannan mako ku zauna da kaka ko inna ko baba tsoho, ku nemi izininsu, ku kunna salula. Kada ku tsaya ga wa ya yi nasara. Ku tambaye su me aka ci a shekarar, nawa aka sayi tiya, ina aka gudu, da ƙafa ko a kan jaki, wa ya buɗe musu ƙofa, wane yaro ne bai dawo ba, yaya sunansa. Ku rubuta sunan garin da shekarar, ku ajiye, ku kai kwafi ga malamin tarihi na makarantarku ko gidan rediyo mafi kusa. Ku kuma iyayenmu, idan sun zo da tambaya, don Allah ku ba su amsa.